Gonata ce: ina iyakar ikon mai gona?



Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata muhawara da muka tarar a wani ajin yaƙi da jahilci, lokacin da muke zagayen duba azuzuwa. Wani magidanci daga cikin ɗalibai ya sare gawo a gonarsa, ya sayar da itacen domin ya sayi maganin iyalinsa. Ma'aikacin gandun daji ya samu labari, ya ci shi tara. Da ya zo aji ransa a ɓace, sai ya ce: "Malam, gonar nan ubana ya bar mini, shi ma ubansa ya bar masa. Ban shiga gonar kowa ba. Don me za a ci ni tara a kan abina?"

Nan take aji ya rabu biyu. Wasu suka ce an zalunce shi. Wasu suka ce doka ce, dole a bi ta. Wata dattijuwa kuwa ta ce ita awakinta da ƴaƴan gawon nan suke rayuwa da rani, yanzu ga shi babu.

Tambayar wannan bawan Allah ta cancanci amsa. Shi ya sa muka keɓe wannan shafi domin mu yi nazarinta tare. A karanta a hankali, a tsaya a ƙarshen kowane kashi, a tattauna.

1. Me dokar ƙasa ta ce game da mallaka?

A ranar 2 ga watan Maris na 1993 ƙasarmu Nijar ta kafa babbar dokar tsarin karkara. Wannan doka ta zo da abubuwa uku da ya kamata kowane mai gona ya sani.

Na farko, ta tabbatar da mallaka. Gonar da mutum ya gada bisa al'ada tana da kariya daidai da gonar da aka saya da takarda. Ba wanda zai ce maka gonarka ba taka ba ce don kawai ba ka da takarda.

Na biyu, ta ce albarkatun karkara, wato ƙasa da ruwa da daji da makiyaya da namun daji, dukiya ce ta al'umma baki ɗaya. Kowane ɗan ƙasa yana da damar amfana da su.

Na uku, ta ɗora wa mai gona nauyin raya gonarsa. Idan mutum ya yi watsi da gona shekara 3 a jere ba tare da wani dalili ba, kwamitin kula da filaye yana iya ba wani izinin noma ta. Amma a lura da kyau: gonar ba ta fita daga mallakar mai ita. Kuma barin gona saura domin ta huta ba watsi ba ne.

Ashe ke nan doka ta haɗa abu biyu wuri guda, haƙƙi da nauyi. Gona taka ce. Kana iya noma ta, ka ba da aronta, ka jinginar da ita, ka sayar, ka bar wa ƴaƴanka gado. Abin da ba ka da iko a kansa shi ne yin aikin da zai cutar da maƙwabci, ko gari, ko ƴan baya.

Dalilin haka a fili yake. Gona tana da iyaka, amma iska ba ta san iyaka ba. Ruwan sama ba ya tsayawa a kan iyaka ya nemi izini. Wuta ma haka, hayaƙi ma haka, guba ma haka. Abin da mutum ya yi a cikin gonarsa sau da yawa yana ƙarewa a gonar wani.

2. Abin da magabata suka sani

Kada mu ɗauka cewa wannan magana baƙuwa ce da ta zo da takardun boko. Kakanninmu sun san ta.

Kowane tsohon gari na ƙasar Hausa yana da hurumi, wato filin da aka keɓe domin amfanin kowa: wurin kiwo, bakin rijiya, maƙabarta, filin idi. Ba mai nome shi, ba mai sayar da shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a farkon ƙarni na 19, ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin yadda ake mallakar ƙasar da ba kowa a kanta, da hukuncin hurumi. A Damagaram kuma, ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu, a cikin ƙarnin nan na 19, ya hana sare gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya karya dokar. Har yanzu matafiyi yana ganin tarin gawo a gonakin wancan yanki.

A al'adarmu ma, mai gona ba ya hana mace tsinkar ganyen miya ko tsintar ƴaƴan aduwa da suka faɗo. Ba ya hana matafiyi hutawa a inuwa. Ba ya toshe hanyar rijiya. Duk waɗannan iyakoki ne da al'ada ta sa wa mai dukiya tun kafin a rubuta doka.

3. Iyaka ta farko: itace

Dokar daji ta ranar 4 ga Maris 1974 ta ware wasu itatuwa 15 ta ba su kariya ta musamman. A cikinsu akwai gawo, aduwa, tsamiya, kuka, bagaruwa, ɗorawa, giginya, goriba, danya da maɗaci. A ranar 8 ga Yuni 2004 sabuwar dokar daji ta maye gurbin tsohuwar, amma ba ta janye wannan ƙa'ida ba: icce mai kariya ba a sare shi sai da izinin ma'aikatar kula da muhalli, ko da a cikin gonar mutum yake.

Me ya sa gawo ya samu wannan matsayi? Mu duba aikinsa.

Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye. Don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa ya zama taki. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai, ba ta ƙwace ruwan shuka. Da rani yana yin ganye da ƴaƴa, dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da zangarniya. Kuma tarin itatuwa yana rage ƙarfin iskar farkon damina, wadda ke binne shuka da rairayi har a tilasta wa manomi sake shuka sau biyu ko uku.

Wannan kariya daga iska ba ta tsaya ga mai gona kaɗai ba. Gonakin da ke bayan itatuwan su ma suna samu. An gwada haka a kwarin Majiya, wajen Buza, inda tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka suka dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, domin tare iska. Layukan sun ratsa gonakin mutane da yawa. Da kowa ya ce zai sare nasa kason don gonarsa ce, da shingen ya yi giɓi, iska ta samu ƙofa, kowa ya yi asara.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Tsohuwar doka ta yi tsanani fiye da kima. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, manomi ya ɗauka cewa icce na hukuma ne. Wanda ya bar icce ya girma a gonarsa ba ya iya taɓa shi sai da tsoron tara. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa cire tsiro tun yana ƙarami, don kada ya zame musu fitina. Dokar da aka yi domin kare itace sai ta zama sanadin ƙarewarsa.

Bayan farin 1973 da na 1984 tunani ya fara sauyawa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A daidai wannan lokaci manoman jahar Maraɗi suka fara sassaben zamani: maimakon a sare duk toho a ƙone, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture, a bar su, a rage sauran. Da manoma suka ga cewa itacen da suka raina zai amfane su, aikin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itace kimanin miliyan 200 a kan eka miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya raini itace a gonarsa shi ne mai cin moriyarsa.

Darasin nan shi ne: idan an bar mai gona ya yi yadda ya ga dama, itace zai ƙare. Idan kuma an hana shi kowane amfani, itace zai ƙare. Hanya madaidaiciya tana tsakiya. Ka raini icce, ka yi masa aski, ka sami makamashi da abincin dabba da dirkar ɗaki. Idan babban icce mai kariya ya tsufa ko ya zama dole a kayar da shi, ka nemi izini tukuna.

4. Iyaka ta biyu: ruwa da ƙasa

Mu dubi Majiya. Tana tasowa daga tuddan Adar, ta gangaro ta gundumomin Malbaza da Ƙonni, ta ƙare a tabkin Kalmalo cikin Nijeriya. A kanta aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango. Ruwan waɗannan madatsu ne ke shayar da gandarin noman rani na Ƙonni, mai fiye da eka 2,400, inda dubban iyalai ke samun abinci.

Yanzu mu yi tunani. Wani manomi yana kan tudu, nesa da Ƙonni. Ya share gonarsa ƙaf, bai bar icce ko ciyawa ba. Ruwan sama ya sauka da ƙarfi, bai sami abin da zai tsayar da shi ba. Sai ya kwashi ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ya gangara da ita. A gonar maƙwabci na ƙasa ruwan ya haƙa kwazazzabo. Ya ci gaba har cikin madatsa, ya sauke laka da yashi. Shekara bayan shekara madatsa tana cikewa, ruwan da take riƙewa yana raguwa. Da rani manomin gandari ya rasa ruwan ban shukarsa.

Mutum nawa suka yi asara? Mai tudu ya rasa ƙasarsa, gonarsa ta koma faƙo. Maƙwabcinsa ya rasa rabin gona a bakin kwazazzabo. Mai gandari ya rasa amfanin rani. Mai saye a kasuwa ya tarar da tsada. Alhali na farkon bai fita daga iyakar gonarsa ba ko da taki ɗaya.

Haka nan wanda ya gina ganuwa ya karkatar da ruwa daga gonarsa zuwa ta maƙwabci ko zuwa cikin gari. Haka nan wanda ke noma har bakin kwari, ya tuge itatuwan da ke riƙe gaɓa. Dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta ɗauki koguna da tabkuna a matsayin dukiyar jama'a. Wanda gonarsa ke bakin tabki yana amfani da ruwan, amma tabkin ba nasa ba ne.

5. Abin da Illela ta koya mana

Kada mai karatu ya zaci cewa ɓarna kaɗai ke tsallake iyaka. Gyara ma yana tsallakewa. Shaidar haka tana nan gida.

A 1988 aka fara wani shiri na raya ƙasa a yankin Illela da tallafin asusun FIDA. A 1989 aka kai wasu manoman yankin ziyara Yatenga, a ƙasar Burkina Faso. Can suka ga yadda ake gyara faƙo da ƙananan ramuka. Da suka dawo, suka gwada a kan ƴan ekoki kaɗan. Wannan ita ce tassa da muka sani yau.

Ga yadda ake yin ta. Da rani ake haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar santimita 20. A tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, domin ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar nutsewa. Idan ruwan sama ya sauka sai a shuka hatsi ko dawa a cikin ramin.

Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa ba su ba da komai ba, amma masu tassa sun girbe. Mutane suka gani da idonsu, aikin ya bazu, tare da rabin wata da jeren duwatsu. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna cewa eka guda ta tassa da taki tana ba da kimanin kilo 500 na hatsi, alhali irin wannan ƙasa da ba a gyara ba tana ba da kimanin kilo 125. Zuwa 1998 an gyara kusan eka 9,000 a yankin.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Na ɗaya, a ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambuna. Ruwan da ya nutse a gonar mai tassa ya fito a rijiyar gari, wanda bai haƙa rami ko ɗaya ba shi ma ya sha. Na biyu, faƙon da dā ba mai kallonsa ya yi daraja. A yankin Badagishiri aka fara saye da sayar da shi, farashinsa ya hau.

A nan akwai gargaɗi. Idan faƙo ya yi daraja, masu da'awa suna yawaita. Wani zai ce na kakansa ne. Makiyayi zai ce nan dabbobinsa ke bi tun dā. Wanda aka ba aro, ya sha wahalar gyara, yana iya wayar gari an karɓe. Saboda haka kafin a sa gatari ko diga a faƙo, a tabbatar da matsayinsa: na mutum ne, ko na gari, ko makiyaya ce? Idan aro ne ko saye, a rubuta takarda.

6. Iyaka ta uku: burtali, makiyaya da mashaya

Yankinmu hanya ce ta dabbobi. Da damina garke yana hawa arewa, bayan girbi yana gangarowa kudu. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da haƙƙin makiyaya na yin wannan zirga-zirga. Burtali da makiyaya da wuraren hutun dabbobi dukiyar jama'a ce. Ba a noma su, ba a sayar da su. Manomin da gonarsa ke gefen burtali ba shi da ikon ƙara kunya biyu ko uku a cikinsa kowace shekara. Wanda ya zagaye tabki da gona dole ya bar wa dabbobi hanyar shan ruwa.

Makiyayi shi ma yana da tasa iyaka. Dabba tasa ce, amma ba shi da ikon sakinta cikin amfanin gonar wani. Kowace shekara hukuma tana tsayar da ranar sakin gonaki, bayan shawara da manoma da makiyaya da sarakuna. Kafin wannan rana, shigar da dabba gona laifi ne, kuma ana biyan ɓarna. Haka kuma ba shi da ikon yi wa gawon gonar wani sara har ya kashe shi.

Mun san abin da rashin kiyaye waɗannan iyakoki ke haifarwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi cikin gundumar Madawa, nan jaharmu ta Tawa, an rasa rayuka kusan 20. Babu gonar da ta kai rai ɗaya daraja. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

7. Iyaka ta huɗu: lafiyar maƙwabci

Dokar kare muhalli ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta ce kowane mutum yana da haƙƙin zama a muhalli mai lafiya, kuma kowa yana da nauyin kare shi. Ga yadda wannan ya shafi zamanmu na yau da kullum.

Maganin ƙwari. Masu noman albasa da tumatir da kabeji a Galmi, Tsarnawa, Dogarawa da Ƙonni suna amfani da shi sosai. Guba ce. Kada a wanke injin feshi a bakin rijiya ko a cikin magudanar ruwan gandari. Kada a yi feshi lokacin iska. Kada a zuba ruwan sha, ko mai, ko fura a cikin galan ɗin da magani ya ƙare: a huda shi domin kada wani ya ɗauka. A jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki kayan lambu a kai kasuwa. Ga amfanin karatu nan: wanda ya iya karanta takardar magani ya tsare kansa da masu sayen kayansa.

Masai. Gida naka ne, amma ƙazantar masai tana bin ƙarƙashin ƙasa. A gina shi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ta gefen gangare. Ta gurɓataccen ruwa ake kamuwa da gudawa da kwalara da zazzaɓin taifot.

Kududdufi. Wanda ya haƙa rami a filinsa domin yin tubali, ya bar shi ya cika da ruwa, ya yi wa sauro gida. Sauron ba zai ciji mai fili kaɗai ba. Yara ma suna faɗawa ciki. A cike rami bayan aiki.

Wuta. Mai ƙona sassabe ya share kewaye, ya zaɓi lokacin da babu iska, ya tsaya har wuta ta mutu. Wutar daji tana cinye ciyawar da garke dubu za su rayu a kanta.

Leda. Dabbar da ta haɗiyi leda tana ramewa har ta mutu. Leda tana toshe magudanar ruwa. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin ledar nan mara kauri da sayar da ita.

8. Hukuma ma tana da iyaka

Kada a fahimci darasin nan da cewa talaka kaɗai doka ta hau. Manyan ayyuka, kamar masana'anta irin ta siminti da ke Malbaza, ko hanyar mota, ko madatsa, doka ta wajabta a yi binciken tasirinsu a kan muhalli da jama'a kafin a fara sabon aiki, kuma a saurari mutanen wurin.

Idan hukuma tana bukatar gonar mutum domin amfanin jama'a, kamar makaranta ko asibiti ko hanya, dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta ce sai an biya shi diyya ta adalci kafin a karɓa. Idan ma'aikaci ya ci mutum tara, mai biya yana da haƙƙin sanin laifinsa, da haƙƙin karɓar rasit mai hatimi. Kuɗin da aka karɓa ba rasit ba tara ba ce.

9. Ina za mu kai maganarmu?

Dokar 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muka fi sani da suna Kofo. Akwai na ƙauye, a ƙarƙashin maigari. Akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma. A cikinsu akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ne ke ba da takardun shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Su ne kuma ke shata burtali da makiyaya.

Idan rikici ya tashi, a fara da sulhu a gaban maigari ko ardo, sannan sarki. A rubuta abin da aka daidaita a kai. Idan sulhu ya gagara, sai a je gaban alƙali. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa.

10. Amsarmu ga mai gawo

To, me muka ce wa ɗalibinmu? Mun ce masa gona tasa ce, ba mai musu. Bukatar da ta sa ya sare gawon ma ta gaskiya ce, rashin lafiya ba ta jira. Amma gawo icce ne mai kariya, kuma doka ta ce a nemi izini. Da ya yi wa gawon aski, ya sayar da rassa da ƴaƴa, da ya sami wani abu a bana, ya kuma samu baɗi. Yanzu ya karɓi kuɗin shekara ɗaya, ya rasa takin shekaru masu yawa, dattijuwa kuma ta rasa abincin awakinta.

Mun kuma tambaye shi ko akwai toho a gonar. Ya ce akwai sabara da kalgo da ƙananan gawo da yakan sare kowane sassabe. Ajin ya yi shawara cewa bana kowane ɗalibi zai bar aƙalla toho 20 a gonarsa, ya ɗaura musu tsumma domin masu noma su gane su, kuma ya rubuta adadinsu a littafinsa. Da kaka za a sake ƙirgawa. Muna roƙon sauran azuzuwan Ƙonni, Malbaza da Illela su yi koyi, su aiko mana da sakamakonsu.

Kalmomin da za a riƙe

Mallaka: haƙƙin mutum a kan abinsa.
Muhalli: abin da ke kewaye da mu, wato ƙasa, ruwa, iska, itace da dabbobi.
Hurumi: filin da aka keɓe domin amfanin kowa.
Diyya: abin da ake biyan mutum a madadin abin da aka karɓa ko aka ɓata masa.
Eka: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa uku dokar 1993 ta zo da su?
2. Ku kawo amfanin gawo guda huɗu.
3. Ta yaya aikin manomin tudu ke shafar manomin gandarin Ƙonni?
4. Me ya sa tsananin tsohuwar dokar daji ya rage itace a gonaki?
5. Akwai burtali a garinku? Faɗinsa na yau daidai yake da na zamanin iyayenku?
6. Su wane ne ƴan kwamitin Kofo na garinku? Ku rubuta sunayensu.

Aikin lissafi

Idan tsakanin rami da rami mita 1 ne, eka guda tana ɗaukar layi 100, kowane layi rami 100. Ramin tassa nawa ke nan?

Idan mutum ɗaya yana haƙa rami 100 a yini, kwana nawa zai yi kafin ya gama eka guda? Idan kuma mutum 10 suka yi gayya, kwana nawa za su yi?

Idan ɗalibai 25 kowannensu ya bar toho 20, itace nawa ajin ya raya?

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.